Ɗan Wanzami da Ƙwan Kwaɗi

Duk wanda ya yi karatu a wata sakandaren gwamnati da ke Gusau, a shekarun da aka ba Zamfara jiha, ya san Malam Sama'ila mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Dogo ne siriri, da 'yar furfura a gemu, kullum cikin farar riga mai aljihu uku wadda guga ta gama cin ƙarfinta. Ɗalibai sun laƙaba masa Baba Sau-Uku, saboda ba a taɓa ganin ya wanke kwalba sau ɗaya ya ajiye ba. Sai ya wanke, ya ɗauraye, ya ɗaga ta a hasken taga ya ƙura mata ido, sannan ya koma famfo kamar kwalbar ta yi masa ƙarya. Ko ruwa ya ɗauke a unguwar, kuma yakan ɗauke, da jarkarsa yake zuwa a bayan keke.

Abu ɗaya ne ba ya yi, shi ne yanka. Ranar da za a buɗe cikin ɓera ko kifi don ɗalibai su gani, shi zai jera wuƙaƙe da almakashi da hantsaki a kan tire, kowanne a mazauninsa, sannan ya ja da baya ya goya hannu. Malamai sun ɗauka tsoron jini ne, har wani malamin lissafi yakan tsokane shi da cewa ko ragon layya sai ya nemi maƙwabci. Sama'ila sai ya yi murmushi ya ci gaba da wankinsa. Ba su san mutumin ɗan wanzami ne gaba da baya ba, daga gidan da tun kaka da kakanni ake riƙe da aska a Bungudu.

Mahaifinsa, Ɗanjuma wanzami, ba mai yawan magana ba ne, amma duk jaririn da aka haifa a unguwanni uku na garin ta hannunsa yake bi ranar suna. Sama'ila shi ne babban ɗansa namiji. Ya fara koyon aski a bayan ƙwarya da aka shafa wa jiƙaƙƙiyar toka, daga nan ya koma kan ƙaninsa Buba, wanda ya sha wahalar wannan karatu ba kaɗan ba. In ya gama, tsohon ba ya duba aikin da ido. Rufe idanu yake yi, ya shafa kan da tafin hannu tun daga goshi har ƙeya. In ya ce babu saura, to an ci jarrabawa. Dokar gidan kuma ɗaya ce, tsohon yakan maimaita ta yana wasa aska a kan dutse.

"Ran da duk kaj ji shakkun hannunka, ka aje aska. Ba kanka na ƙarƙashinta ba, kan ɗiyan mutane na."

Sama'ila ya yi boko daidai gwargwado, wanda ya ishe shi karanta Turanci a hankali yana bin layi da yatsa. Wajen shekarar 1975 wani ɗan garinsu ya samo masa aikin shara da wanke-wanke a sashen nazarin halittu na wata jami'a, kwana guda a mota daga gida. Can ya haɗu da Dokta Abdullahi, matashin malami da bai daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, mai bincike a kan ƙwan kwaɗi. Matsalar Dokta ita ce duk kwaɗon da ya yanka don ya ciro ƙwai sai ya mutu. Sama'ila kuwa abin yana damunsa, domin tun yana yaro ya ji malamai suna cewa an hana kashe kwaɗo. Wata rana ya yi ta maza ya nemi a ba shi ya gwada. Ya sa kwaɗon a ruwan ƙanƙara har ya yi lamo, ya tsaga gefen ciki tsagar da ba ta kai faɗin farce ba, ya ciro ɗan ɓangaren jakar ƙwai, ya ɗinke da ɗinki biyu. Kafin la'asar kwaɗon yana iyo abinsa. Daga ranar aka karɓe tsintsiya daga hannunsa.

Abin da Dokta yake nema a cikin ƙwan shi ne cibiyarsa. Ya yi wa Sama'ila bayani cewa jikin kowace halitta an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya a tsakiya, inda aka naɗe zaren gado, wato rubutun da ke sa ɗa ya yi kama da ubansa. A yawancin ƙwayoyin jiki ba a ganin cibiyar sai da madubi mai ƙarfi, amma a ƙwan kwaɗo da bai nuna ba tana da girman da mai haƙuri zai iya ciro ta da hannu. Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba, rabi baƙi rabi fari. Sai a huda ɓangaren baƙin da tsinin allura, a matsa a hankali da hantsaki, cibiyar ta fito garau kamar ɗigon raɓa. Daga nan a zuƙe ta da siririn bututun gilashi, a yi ta kai da komo da ita a ruwan gishiri har gwaiduwar da ta manne mata ta fita. Dokta da kansa yakan fasa bakwai cikin goma. Sama'ila yakan ciro ɗari kafin azahar, kuma ya lura da wani abu da yake ba shi sha'awa: in ta fito ta ɗan jima, sai ta yi ƙarfi kamar kamun koko ya kwanta a ƙasan ƙwarya.

Shekara huɗu suna tare lafiya, har Dokta ya fara narkar da cibiyoyin yana rarraba sinadaran furotin da ke cikinsu a wata na'ura, kowanne ya fito a matsayin layi a kan faranti. A nan wani layi ya yi ta fitowa inda ba a gayyace shi ba. Dokta ya ce wannan aktin ne, furotin ɗin da ke sa tsoka motsi, wanda kuma ke riƙe da surar ƙwayar halitta kamar yadda azara ke riƙe da rufin ɗaki. Mazauninsa waje ne, a kewayen cibiya, ba cikinta ba. In ya bayyana a nan, to datti ne ya biyo cibiyar daga jikin ƙwan. Ya ce a ƙara wanki. Sama'ila ya wanke sau uku, layin ya fito. Ya wanke sau bakwai, ya sauya ruwa, ya sauya bututu, ya yanke farce har ya taɓa nama. Layin nan bai fasa fitowa ba.

Dokta ba mugun mutum ba ne, amma wata shida na aikinsa sun tafi a banza, kuma ransa ya ɓaci. Ya kira Sama'ila, ya ɗaga farantin a gabansa.

"Sama'ila, na'ura ba ta ƙarya. Aktin ba ya zama a cibiya, littattafan nan duk haka suka ce. Hannunka ne ke jawo shi. Kana da sauri, amma hannunka bai kai wannan aikin ba."

A zuciyarsa Sama'ila ya san da idonsa ya ga cibiyoyin nan garau, babu ko ɗigon gwaiduwa. Amma ina shi ina musu da malaminsa, mutumin da ya ƙetare teku ya yi karatu? Ya durƙusa ya ce laifinsa ne, a yi masa afuwa. Abin da ya fi muni shi ne, da ya faɗa da bakinsa, sai ya fara yarda. Aka mayar da shi wanke kwalabe, bai cika wata uku ba ya nemi aiki a Gusau ya dawo kusa da gida.

A nan ne ya yi abin da sai ɗan gidan Ɗanjuma zai yi. Da wani ne, da ya ce aikin boko daban, aski daban. Shi kuwa ya ji shakkar hannunsa, doka kuma ta ce a ajiye aska, sai ya ajiye. Da mahaifinsa ya fara tsufa ya miƙa masa zabira, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba kayan aiki, Sama'ila ya sunkuyar da kai ya ce a ba Buba, shi aikin gwamnati ba zai bar shi ba. Kunya ta hana shi gaya wa tsohon cewa an auna hannun gidansu a jami'a an ce bai kai ba. Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya miƙa wa Buba. Bayan shekara huɗu Allah ya yi masa rasuwa.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Sama'ila ya aurar da 'ya'ya, ya gina ɗaki biyu da zaure a Tudun Wada, ya ga Gusau ta cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato bayan 1996, har 'yan kabu-kabu suka fi kekuna yawa. Cikin waɗanda suka dawo akwai Malama Mansura, malamar nazarin halittu, mace mai fara'a da saurin magana, wadda ke zuwa jami'a lokacin hutu tana karatun digiri na biyu. Tana ce masa Baba, yana ce mata Malama, ko da yake sa'ar 'yarsa ce.

A farkon daminar 1999 ta dawo da tulin takardun da ta yi kwafinsu a ɗakin karatu na jami'a, ta roƙe shi ya adana mata su a kabad saboda ɗakin malamai yana yoyo. Yana jera su ne idonsa ya faɗa kan kalmomi biyu a saman wata takarda, kalmomin da a saninsa ba sa zama a layi ɗaya: aktin da cibiya. Ya zauna a kan kujerar ɗalibai ya bi layin da yatsa sau biyu. Da ta shigo ya tambaye ta abin da takardar ke cewa, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar labarin mara lafiya.

Ta ce masa sabon bincike ne, bai fi wata shida da fitowa ba. Zaren gadon nan a naɗe yake tamau a cikin cibiya, kuma kafin ƙwaya ta karanta wani wuri a jikinsa sai wata ƙungiyar furotin ta zo ta sassauta naɗin. To, masu binciken sun ware wannan ƙungiya, sun sami aktin a cikinta, a matsayin ɗan gida mai aikin yi. Ta ƙara da cewa a ƙarshen wata takardar ma an ambaci waɗansu da suka ga aktin a cibiyar ƙwan kwaɗi tun shekarun 1970, har suka ce da hannunsa a ƙarfin nan da cibiyar ke yi, amma mutane da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba.

"Su ma an ce musu datti na?" in ji Sama'ila.

Ta yi dariya ta ce ƙwarai kuwa, har yanzu ma akwai masu cewa haka, gardamar ba ta mutu ba. Sai ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya. A ranar ya ba ta labarin da bai taɓa ba kowa ba, ko matarsa. Mansura mai gaskiya ce, ba ta yi masa daɗin baki ba. Ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan farantin da ba ta gani ba, mai yiwuwa ne layin nan na cikin cibiyar ne, kuma ita haka take zato, amma takarda ba za ta iya shaidar hannun da ba ta sani ba. Ta ba shi kwafin. Ya linke shi huɗu ya sa a aljihun farar rigarsa, ya yi wata biyu yana yawo da shi, ba daɗi ba baƙin ciki.

Cikin watan Agusta 'yarsa Halima ta haihu a gidan mijinta a Tsafe, namiji, haihuwarta ta biyu. Kwana biyu da haihuwar sai ga Buba a Gusau, ɗansa ya kawo shi a babur har ƙofar makaranta. Idanun Buba sun daɗe suna hazo, amma bai taɓa yarda a yi zancen ba sai ranar. Ya ce manya yana iya yi musu aski da lalube, sun saba da shi, amma kan jariri ya fi ƙarfinsa yanzu. Ɗan nasa kuma babur ya sani, ko fensir bai iya feƙewa ba. Saboda haka ya zo ya sanar da Yaya cewa ranar suna zai kai zabirar Tsafe ya damƙa wa wani wanzami can, ya yi wa yaron aski, ya kuma riƙe kayan, tunda babu amfanin aska ta yi tsatsa a rataye. Babu jinin Ɗanjuma da aka taɓa yi wa askin suna da askar wani gida, kuma dukansu biyu sun san haka. Sama'ila ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya raka shi bakin titi.

Ranar Asabar aka kwana ana ruwa. Da sassafe ya hau mota zuwa Bungudu da bokiti mai murfi, ya wuce gidansu bai shiga ba, ya gangara kududdufin da ke bayan gonakin gero inda suka yi wanka suna yara. Mutum mai shekara hamsin ya naɗe wando yana bin kwaɗi cikin laka, manoma masu wucewa suna gaishe shi suna waiwaye. Ya samu macen kwaɗo mai cikakken ciki, ya biya kasuwar Gusau ya sayi ƙanƙara, ya aika wa Mansura cewa in ba damuwa ta zo makaranta, yana son mai shaida.

A ɗakin gwaje-gwaje, da ya ɗauki wuƙar sai ya mayar ya ajiye ta. Ya yi bisimilla ya sake ɗauka. Abin mamaki, da ƙarfen ya taɓa fata sai yatsun suka tuna abin da mai su ya yi shekara ashirin yana ƙoƙarin mantawa. Tsaga, ciro, ɗinki biyu. Ya sa ƙwan a ƙarƙashin madubin makaranta mai ido ɗaya, ya huda, ya matsa. Na farko ya fashe, na biyu ma haka. A na uku cibiyar ta fito, ya zuƙe ta ya wanke, ya matsa gefe ya ba Mansura wuri. Ta daɗe a sunkuye. Ta ce ita a littafi kawai ta taɓa ganin wannan, kuma na littafin bai kai wannan tsabta ba. Sama'ila ya sake dubawa da kansa. Ga ta nan garau, tana yin ƙarfi a hankali kamar yadda ya san ta. Ba su da na'urar da za ta nuna musu layi, kuma ya gane ba ya bukatarta. Abin da ya gani yau shi ya gani a da, bambancin kawai a da ya bar wani ya gaya masa abin da idonsa ya gani. Da yamma kwaɗon ya farfaɗo, washegari ya mayar da shi kududdufinsa.

Ranar suna suka kama hanyar Tsafe tun da hantsi bai yi ba, shi da Buba a kujerar gaba ta bas, zabirar tana kan cinyar Buba. Sai da suka wuce dutsen Kwatarkwashi sannan Sama'ila ya buɗe baki. Ya ba ƙaninsa labarin Dokta da faranti da layi, da abin da ya sa ya ƙi karɓar zabira. Buba ya saurara har ƙarshe, yana kallon gabansa da idanun da ba sa ganin nesa.

"Yaya, Dokta ya san aska? Baba ya yi shekara huɗu da rai bayan ka dawo. Da ka miƙa mai hannun nan, da ya hwaɗa maka gaskiyatai." Sannan ya ƙara da abin da ya daɗe yana riƙewa. "Har ya rasu shina cewa boko ta sa ka raina mu."

Wannan magana ta shige Sama'ila fiye da ta Dokta. Ya ji baƙin cikin da bai ji ba ko ranar jana'izar mahaifinsa, domin ashe biyayyar da ya yi wa dokar tsohon ita ce tsohon ya ɗauka raini, kuma babu motar da za ta kai shi inda zai gyara wannan. Haka suka shiga Tsafe. Da suka sauka, ya miƙa hannu, Buba ya ɗora masa zabirar.

An riga an yi addu'a an raɗa wa yaron suna, an raba goro, ragon yana rataye. Wanzamin Tsafe da aka yi wa magana yana zaune a zaure, Sama'ila ya gaishe shi ya ba shi haƙuri, mutumin ya ce ai masu abu sun zo. Wata tsohuwa ta fito da jaririn ta zauna a kan tabarma a tsakar gida, Halima tana leƙe daga ƙofar ɗaki, domin tun da take ba ta taɓa ganin mahaifinta riƙe da aska ba. Sama'ila ya zaɓi ƙaramar askar mai ƙotar ƙashi, ya wasa ta, ya goge ta da sinadarin da ya zo da shi daga makaranta, ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi da sabulu. A tsakiyar kan, maɗigar yaron tana bugawa a ƙarƙashin fata mai laushi kamar ɓawon ƙwai da bai yi ƙwari ba. Ya kafa babban yatsa ya ja fatar kaɗan, ya fara daga goshi. Yaron ya yi 'yar ƙara sau ɗaya ya koma barci.

Da ya gama, sai Buba ya matso da gwiwa, ya rufe idanun da ko a buɗe ba su da amfani sosai, ya ɗora tafin hannu a kan jaririn ya shafa tun daga goshi har ƙeya, ya bi bayan kunnuwa, ya dawo.

"Babu saura," in ji shi.

Sama'ila ya juya baya don kada surukai su ga idanunsa. Ya jawo butar, ya wanke askar sau ɗaya, ya goge ta, ya mayar da ita mazauninta, sannan ya rataya zabirar a kafaɗarsa.